Ƙasashe biyar, Hajiya a kujerar gaba

Hajiya, mahaifiyata, ta zo wajenmu a Munich ta ƙasar Jamus bayan babbar sallar 2024, da bizar ziyara ta kwana 90. Makonnin farko tsakanin falo da ɗaki ta yi su, sai masallaci ranar Juma'a, sai kantin Turkawa inda muke sayen nama. Ni ina wurin aiki, yara suna makaranta, uwargida ce kaɗai abokiyar hira. Wata safiya da iska ta share sararin sama, irin ranakun da duwatsun Alps kan fito ta kudancin birnin kamar an zana su, ta tsaya a bakin taga da carbinta ta kira ni.

"Kai, wancan dogon abin hadari ne ko dutse?"

Na ce dutse ne, Hajiya.

"To me ke bayansa?"

Na ce wasu ƙasashe ne, in an wuce su kuma sai teku. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ita sau ɗaya ta taɓa ganin teku, ta tagar jirgi lokacin da za su sauka Jidda, shi ma ba ta gan shi da kyau ba. Ba ta roƙe ni komai ba, kuma na san ba za ta roƙa ba. A daren nan na shimfiɗa taswira a kan tebur.

Hanya mafi sauƙi kowa a nan ya san ta. Ka ɗauki babban titi zuwa Salzburg, ka gangara kudu ta cikin Austiriya, ka shiga Sloveniya, ka wuce Ljubljana, sai ga ka a bakin ruwa a Koper. Kimanin kilomita 500 ne, in babu cunkoso wuni guda ya wadatar. Sai dai wannan hanya ta ƙarƙashin duwatsun take bi. Ramin Tauern ya kai kilomita shida da rabi, na Katschberg ya kusa shida, na Karawanken da ke haɗa Austiriya da Sloveniya ya kusa takwas. Wato dai a daidai wuraren da dutsen ya fi ban mamaki, Hajiya bangon siminti da fitilu za ta riƙa kallo. Wannan ne ya sa na yanke cewa a tafiya ta saman duwatsu za mu bi, a dawowa in mun gaji mu bi ta ƙasa.

Na zaɓi mashigai biyu. Na farko titin Grossglockner a Austiriya, wanda aka buɗe a 1935, tsawonsa kilomita 48 da manyan kwanoni 36, yana hawa har mita 2,504 a wurin da ake kira Hochtor. Na biyu mashigin Vršič a Sloveniya, mita 1,611, mai kwana 50. Daga nan sai mu bi kogin Soča mu gangara har Piran a gaɓar tekun Adiriyatik, sannan mu tsallaka Kuroshiya mu yi mako a kusa da Pula. Da ɗan yankin Italiya da za mu ratsa a tsakani, ƙasashe biyar ke nan.

Kafin komai sai da na zauna da fasfon Hajiya. Mu mazauna ne, muna da katin zama na Jamus, wanda in an haɗa shi da fasfo yana ba mutum damar yawo a sauran ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe iyakokinsu ga juna, har kwana 90 cikin kowane 180. Ita kuwa baƙuwa ce, kuma a kan bizarta an rubuta shiga ɗaya tak. Da a ce kafin 2023 ne, da Kuroshiya ta fita daga lissafi, domin tsallakawa can zai zama fita daga yankin Schengen, ba za a bar ta ta dawo ba. Amma tun 1 ga Janairun 2023 Kuroshiya ta shiga Schengen, a rana guda kuma ta koma amfani da Yuro. Na sake karanta layin da ke nuna inda bizar ke aiki, na tabbatar duka ƙasashen Schengen aka rubuta. Na duba takardar inshorar lafiyarta, wadda doka ta ce dole ta kai Yuro 30,000 kuma ta yi aiki a duk yankin. Sannan na ƙirga kwanakinta da yatsa a kan kalanda don kada ranar komawarta ta matse mu.

Wani abu da mutane kan yi sakaci da shi shi ne zaton cewa tunda an ce babu iyaka, to babu mai tambayar takarda. Jamus tana duba masu shigowa daga Austiriya tun 2015, Austiriya ma tana duba masu fitowa daga Sloveniya, kuma a Oktoban 2023 Sloveniya ta dawo da binciken wucin gadi a iyakarta da Kuroshiya. Saboda haka na samu jaka guda mai zif na zuba fasfo biyar, katunan zama huɗu, katunan inshorar lafiya namu, da kwafin takardar da na sa wa hannu a ofishin baƙi cewa ni ne mai ɗaukar nauyin Hajiya. Wannan jaka a ƙarƙashin kujerar uwargida ta yi tafiyar, ba ta taɓa shiga but ba.

Sai maganar mota. Tamu ƙarama ce, ba za ta ɗauki mutum biyar da kaya na mako biyu a kan dutse ba, don haka na yi hayar mai kujera bakwai. Abu biyu na tambaya tun a waya. Na farko, izinin fita da ita ƙasashen waje, na sa aka rubuta sunayen ƙasashen huɗu a cikin yarjejeniya, na biya ƙarin kuɗin da suka ce. Na biyu, tsayin motar. Wannan na biyun yana da dalili, kuma shi ne ya kai ni ga ɓangaren da ya fi cin lokacina a duk shirin, wato kuɗin hanya.

Kowace ƙasa da nata tsarin. A Jamus ƙananan motoci ba sa biyan komai a babban titi. A Italiya da Kuroshiya akwai shingen karɓar kuɗi, ka ɗauki tikiti in za ka shiga, ka biya gwargwadon nisan da ka yi in za ka fita. Austiriya da Sloveniya kuwa lokaci suke sayarwa, abin da suke kira binyet. Da can sitika ce ake mannawa a gilashi, amma Sloveniya ta koma ta intanet gaba ɗaya tun 2022, ana haɗa ta da lambar mota, kyamarori ne ke dubawa. A Sloveniya an raba motoci gida biyu. In tsayin motar a daidai tayoyin gaba bai kai mita 1.3 ba, tana rukunin 2A. In ya wuce haka tana 2B, kuɗinta ninki biyu. Shi ya sa na nace a kan ƙirar motar da na zaɓa.

Ga yadda lissafin ya kasance. Za mu tashi Litinin 26 ga Agusta, mu dawo Juma'a 6 ga Satumba, kwana 12 ke nan. Binyet ɗin Austiriya na kwana 10 a shekarar Yuro 11.50 ne, amma zai ƙare kafin mu dawo. Da na bi taswira a hankali sai na ga a tafiya ba ma buƙatarsa sam. Daga iyakar Jamus zuwa mafitar Kufstein ta kudu an ɗage biyan tun ƙarshen 2019, daga nan kuma hanyoyin cikin gari za mu bi ta St. Johann da Saalfelden har Zell am See. Bayan mun sauko daga Grossglockner ma akwai tsohuwar hanya ta kwarin Möll zuwa Villach. Ranar dawowa ce kaɗai za mu hau babban titinsu, kuma a shekarar ne suka fito da binyet na kwana ɗaya a kan Yuro 8.60. Shi na tsayar. Na kwana ɗaya da na kwana goma suna fara aiki nan take in an saya ta intanet, amma na wata biyu da na shekara sai rana ta 18 bayan saye, wanda bai san wannan ba yana iya hawa titi da rasit a hannu a ci shi tara, wadda a 2024 Yuro 120 ce. Ban da binyet, ramin Karawanken da ramukan Tauern da Katschberg suna da nasu kuɗin daban, shi ma titin Grossglockner tikitinsa na wuni ya haura Yuro 40.

A Sloveniya a shekarar na mako guda Yuro 16 ne, na wata Yuro 32. Za mu hau babban titinsu ranar Alhamis 29 ga Agusta, mu sake hawa 6 ga Satumba, tazarar ta wuce mako. Na mako sau biyu daidai yake da na wata, don haka na ɗauki na wata, hankalina ya kwanta.

Duk wannan lissafi yana kan takarda, amma ba na iya sayen ko ɗaya sai na san lambar mota, ita kuwa lambar motar haya sai ranar da aka miƙa maka makulli. Da safen Litinin da na je karɓa, sai aka ce wadda na zaɓa ba ta dawo ba, ga wata 'yar bas a madadinta, ta fi girma kuma ba za a ƙara mini kuɗi ba. Na buɗe shafin hukumar titunan Sloveniya a waya, inda aka jera ƙirar motoci da rukuninsu, na ga tana 2B. Ban da ƙarin kuɗin, ban ga yadda zan juya doguwar mota a kwanonin Vršič da mahaifiyata a ciki ba. Na ce zan jira. Awa biyu na yi a zaune kafin aka samo irin wadda muka yi magana. A nan cikin motar na sayi binyet, na karanta lambar harafi bayan harafi, na fita na kwatanta da farantin da ke jikinta, sannan na biya. Harafi ɗaya in ya kuskure, a wurin kyamara daidai kake da wanda bai saya ba.

Na koma baya kaɗan, domin akwai shirin da ya fi na kuɗi muhimmanci. Hajiya tana da hawan jini, kuma ba ta taɓa hawa dutse irin wannan ba. Mako biyu kafin tafiya na kai ta wurin likitanmu da magungunanta. Ya auna ta, ya ce babu laifi in dai za mu kwana a ƙasa, ta sha ruwa sosai, kada ta yi tafiyar ƙafa mai wahala a can sama. A kan wannan na gina kwanakin. Daren farko a ƙauyen Fusch a gindin dutsen. Rana ta biyu mu hau mu sauka, mu kwana a Kranjska Gora. Rana ta uku hutu, babu tuƙi. Rana ta huɗu Vršič, in jikinta ya yarda. In bai yarda ba akwai mashigin Predel ta ɓangaren Italiya, mita 1,156, wanda shi ma yana fita kwarin Soča ba tare da kwanoni masu yawa haka ba. Na rubuta hanyoyin biyu a takarda na ajiye, ban gaya mata akwai zaɓi ba sai da safiyar ta zo.

Ita kujerar gaba tun farko na ba ta, saboda jiri ya fi kama na baya. Uwargida ce ta kawo shawarar danyar citta da alewa don toshewar kunne. Ita ce kuma ta tuna da abin da ban sa a lissafi ba: "Abban yara, ka shirya mota, ka shirya takardu, a ina Hajiya za ta yi alwala?" Buta biyu muka saka, da jarkar ruwa ta lita biyar, da dardumai a inda hannu zai kai. A kan hanya ƙasaru muka riƙa yi, muna haɗa Azahar da La'asar a inda muka samu fili mai tsabta. A Pula da za mu kwana shida kuwa cika salla muka yi, tunda niyyar zaman ta wuce kwana huɗu. Ranar dawowa na sa ta Juma'a da gangan, don mu samu jam'i a masallacin Ljubljana, mu kuma kauce wa Asabar, ranar da rabin Jamus da Austiriya ke sauka daga teku a lokaci guda.

Duk masaukan da na kama masu kicin ne. Mun ɗauki nama daga kantin Turkawa a cikin kula, da shinkafa, da garin semo, da kuka da daddawa da yajin da Hajiya ta zo da su. Na koya wa yara kalma uku da suke aiki a Sloveniya da Kuroshiya duka: riba kifi, svinjina (a Kuroshiya svinjetina) naman alade, hvala na gode. Ta biyun ita ce mai muhimmanci, domin niƙaƙƙen naman da suke gasawa a can sau da yawa haɗi ne, sai ka tambaya. Mun kuma lura da Lahadi, tunda a Austiriya da Sloveniya yawancin kantuna a rufe suke.

Talata da misalin takwas na safe muka isa shingen Ferleiten. Titin ba a buɗe shi sai daga farkon Mayu zuwa wajen ƙarshen Oktoba, kuma ana rufe shi da dare. Kowace babbar kwana tana da allo mai lambarta da tsayin wurin, autanmu ya ɗauki aikin karanta su da ƙarfi. Hajiya na ce masa, "Maigidana, ƙirga a hankali, kada ka ƙarar da su ban gani ba." Muna hawa itatuwa suna raguwa, har suka ƙare, sai ciyawa da tsakuwa da tumaki. Duk inda mota ta ɗaga kai sai in ji ta yi kabbara, in muka ɗan gangara ta yi tasbihi, kamar yadda aka koyar da matafiyi. A haka muka ratsa ɗan gajeren ramin Hochtor, muka fito a jihar Karintiya.

Mun karkata zuwa Kaiser-Franz-Josefs-Höhe, mita 2,369, inda ake fuskantar ƙololuwar Grossglockner, mita 3,798, dutse mafi tsawo a Austiriya. Sanyi ya sa ta saka rigar sanyi biyu a ƙarƙashin hijabi, ga safa. Na riƙe hannunta muka je bakin ƙarfen kariya. A ƙasa can ga daskararriyar ƙanƙarar Pasterze, mafi girma a ƙasar, amma ƙarshenta ya lulluɓe da baƙar tsakuwa, a gabanta kuma wani tafki mai ruwa kalar toka da gutsattsarin ƙanƙara na yawo a ciki. Akwai alluna a gangaren da ke nuna inda ƙanƙarar ta kai a shekarun baya, kowanne yana nesa da na gabansa. Na yi mata bayani cewa narkewa take yi saboda ɗumamar yanayi. Ta ce, "Kamar tafkin Chadi ke nan." Yara suna can suna kallon wasu dabbobi masu kama da gafiya mai ƙiba da ke fito a bakin ramukansu. Minti arba'in na ware wa wurin, kuma da suka cika na ce mu tafi, ko da yake ba ta so.

A saukowa ne na yi kuskure. Na karanta tun a gida cewa a irin wannan gangara ba a dogara da birki, ƙaramin giya ake sakawa inji ya riƙe mota. Amma motar mai canza giya da kanta ce, kuma ban gwada yadda ake mayar da ita hannu ba kafin mu taso. Sai na riƙa taka birki kwana bayan kwana, ga mutum biyar ga kaya. Kafin mu kai Heiligenblut uwargida ta ce tana jin ƙauri. Ni ma na ji, kuma birkin ya fara yin laushi a ƙafata. Na samu wani fili a gefe na tsaya. Zafi na tashi daga tayoyin gaba kamar murhu. Wani dattijo mai babur da ya tsaya hutawa ya matso, ya hana ni zuba ruwa a kai, ya leƙa ciki ya nuna mini yadda ake tura sandar giyar gefe a sa ta a na biyu. Rabin awa muka jira. Gabana ya daɗe yana faɗuwa, saboda mahaifiyata da 'ya'yana ne a motar, kuma abu ne da minti biyar a filin ajiye motoci ya isa in koya. Hajiya ba ta ce komai ba sai da muka tashi, ta ce, "Sannu ba ta hana zuwa." Sauran gangarar a giya na biyu na yi ta, ƙafata da ƙyar take taɓa birki.

Daga Villach akwai gajeriyar hanya zuwa Kranjska Gora ta mashigin Wurzen, amma gangarensa ya kai kashi 18 cikin ɗari, tun a gida na soke shi. Muka zagaya ta Tarvisio a Italiya, muka shiga Sloveniya ta Rateče a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Laraba mun yi ta a bakin tafkin Jasna, Hajiya a kan benci tana kallon ruwa mai launin kore, ni kuma na ɗauki motar na je wani ɗan gangare na yi ta gwada giya har hannuna ya saba.

Alhamis bayan Asuba na auna jininta, ya yi daidai. Na nuna mata hanyoyin biyu. Ta tambaya, "Wannan ya kai na shekaranjiya tsawo?" Na ce bai kai ba, amma ya fi shi kwanoni da ƙunci. Ta ce, "To mu je, Allah ya tsare." Ƙarfe bakwai muka hau, kafin masu keke da manyan motocin 'yan yawon buɗe ido su cika hanya. Kwana 24 ne a ɓangaren hawa, 26 a ɓangaren sauka, kuma na hawan an daɓe su da ƙananan duwatsu, mota na rawa a kansu. Kusa da kwana ta takwas akwai wata 'yar majami'a ta katako a cikin itatuwa. Sojojin Rasha da aka kama a yaƙin duniya na farko ne aka sa suka gina titin, dubbansu, don kai kayan yaƙi fagen daga na Soča. A Maris na 1916 dusar ƙanƙara ta zubo daga dutse ta binne da yawa daga cikinsu, waɗanda suka tsira suka gina majami'ar don tunawa da su. Da na gaya wa Hajiya, ta daɗe tana kallon wurin, ta ce, "'Ya'yan wasu ne, iyayensu na can suna jira." Daga nan har ƙololuwa ba ta sake magana ba.

Kogin Soča sai wanda ya gani. Ruwansa tsanwa ne shar, kana ganin tsakuwar ƙasansa ɗaya bayan ɗaya. Mun tsaya a ƙasan Trenta, yara suka tsoma ƙafa suka fito da gudu saboda sanyi. Muka wuce Bovec, muka ci abinci a Kobarid, garin da aka gwabza babban yaƙi a Oktoban 1917. Daga nan duwatsu suka fara ja da baya, iska ta yi ɗumi, gonakin inabi suka bayyana, rigunan sanyi suka koma but. A Nova Gorica muka hau babban titi. Bayan La'asar, da muka fito kan wata doguwar gada a saman kwari, babbar 'yarmu ta yi ihu daga baya, "Hajiya kaka, ga shi can!"

Gaɓar tekun Sloveniya gaba ɗaya ba ta kai kilomita 50 ba. Piran tana kan wani ɗan tsinin ƙasa da ya kutsa cikin ruwa, garin da daular Benis (birnin da ke Italiya a yau) ta mulka sama da shekara 500, har yau allunansa da harshen Sloveniya da Italiyanci ake rubuta su. Baƙi ba sa shiga da mota, a babban garejin Fornače ake ajiyewa a hau bas zuwa tsakiyar gari, kuma na san da haka, shi ya sa kayan kwana biyu na ware su a jaka guda. Da magariba ta kusa muka taka zuwa bakin ruwa. Akwai matakala ta ƙarfe da masu iyo ke sauka ta kanta. Hajiya ta cire takalmi, ta riƙe ni da hannu ɗaya, ta sauka taki biyu har ruwa ya taɓa idon sawunta. Ta sunkuya ta ɗebo da tafin hannu ta ɗanɗana.

"Ashe da gaske gishiri ne."

Washegari muka je Sečovlje, 'yan kilomita kaɗan kudu da Piran, dab da iyakar Kuroshiya, inda ake haƙar gishiri da hannu tun shekaru ɗaruruwa. Ana shigo da ruwan teku cikin faffaɗan fadamu marasa zurfi, rana ta ƙafar da shi, ma'aikata su tattara da dogon katako su yi tsibi-tsibi. Ƙasan fadamun an raina wata shimfiɗa da suke kira petola, wadda ke hana laka haɗuwa da gishirin. A duk tafiyar babu inda Hajiya ta yi tambayoyi kamar nan. Ta ba yara labarin gishirin Bilma da ayarin raƙuma ke kawowa lokacin tana ƙarama, kantu-kantu a naɗe cikin tabarma. A ɗan shagon wurin ta sa na saya mata kilo uku.

Asabar da sassafe muka tsallaka kogin Dragonja muka shiga Kuroshiya, babu wanda ya tsayar da mu. Makon Pula hutu ne kawai: kifi, ruwa, da tsohon filin wasan Rumawa da ke tsaye kusan shekara 2,000. Ranar Juma'a 6 ga Satumba ƙarfe takwas muka taso. A iyakar Sloveniya wani ɗan sanda ya karɓi jakar, ya buɗe fasfon Hajiya ya duba biza da hatimin shigowa, ya ƙirga mu, ya miƙo da ladabi. Muka isa Ljubljana da sauran lokaci. Masallacin farin gini ne mai hasumiya ta mita 40, an buɗe shi a 2020 bayan Musulmin ƙasar sun shafe shekara kusan 50 suna neman izini. Yawancin masallatan 'yan asalin Bosniya ne. Wata tsohuwa ta matsa wa Hajiya wuri a sahu, bayan sallama suka riƙe hannun juna suna gaisawa, kowacce da harshenta.

A harabar masallacin na sayi binyet ɗin Austiriya na kwana ɗaya, na sake karanta lambar sau biyu. Muka shiga ramin Karawanken, sai Katschberg, sai Tauern, Hajiya tana barci a kujerar gaba. Bayan Isha muka shiga gida.

Kwana uku kafin jirginta ta zauna a tsakar falo da gishirin Sečovlje da ƙananan ledoji. Ta ƙulla ƙulli goma sha huɗu, tana faɗin sunayen maƙwabta da 'yan'uwa, babbar 'yarmu tana rubutawa a jikin kowanne. Ƙulli na ƙarshe ta miƙa wa uwargida, ta ce a ajiye shi don miyar ranar da za ta dawo.